TOHO BAYAN GOBARA

Karatu: Fitowa 22:6; Ayuba 14:7-14; Yakubu 3:1-12

 Ina roƙonka ɗan'uwana, ina roƙonki 'yar'uwata, kafin a ci gaba a buɗe Littafi Mai Tsarki a karanta wuraren nan uku. In kuwa a cikin sujadar iyali ake karanta wannan, a sa ɗaya daga cikin yara ya karanta da ƙarfi, domin akwai maganar yara a ciki.

Ni mutumin bakin kogi ne. A nan Malanville ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. In ka fita bayan gari, abin da idonka zai gani shi ne fadamun shinkafa, da lambunan albasa, da kogin Kwara, da Gaya can a ƙetare. Masifar da muka fi sani ruwa ce, sa'ad da kogi ya cika ya shiga gonaki da gidaje. Gobarar daji kam muna ganinta kowane rani, amma ban taɓa ganin wuta ta hau dutse ta cinye shi tun daga gindi har ƙoli ba, sai da na je duwatsun Atakora a watan Fabrairu na 2025.

Ba shan iska ya kai ni ba. Wata uwa ce daga zumuntar matan ikilisiyarmu aka yi wa aiki a asibitin Saint Jean de Dieu na Tanguieta, wanda 'yan'uwanmu Katolika suka buɗe tun 1970, inda marasa lafiya suke zuwa daga Nijar da Burkina Faso da Togo har da Najeriya. Dattawa suka ce in je in duba ta da sunan ikilisiya. Muka bi doguwar hanya, Kandi, Parakou, Djougou, sa'an nan Natitingou. Ta Djougou ɗin nan ne fataken Kano da Katsina suke bi a dā da jakunansu in za su Gwanja sayen goro, wata da watanni suna hanya. Ni da na yi yini ɗaya kawai a cikin mota har ina gunaguni a kan ciwon baya, da na tuna da su sai na ji kunya.

Tun kafin mu shiga Natitingou na fara jin ƙaurin hayaƙi. Da duwatsun suka bayyana, sai na gan su baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Babu ciyawa ko ɗaya. Itatuwa a tsaye ba ganye, toka tana tashi in iskar hunturu ta kaɗa. A wani wuri wutar tana kan ci, shirwa sun taru a sama suna shawagi suna cafke fara da sauran ƙwarin da suke gudun harshen wuta. Da dare ya yi kuwa, daga inda na sauka ina hangen wutar a jikin dutse kamar jan zare da aka shimfiɗa, tana hawa a hankali, ba mai kashewa.

Wannan fa shi ne yankin da ƙasarmu ta Benin take alfahari da shi a gaban baƙi. Nan ne ruwa yake zubowa daga kan dutse a Kota da Tanougou. Nan ne mutanen Batammariba suke gina gidajensu na laka masu bene, waɗanda ake kira tata, da rumbunan hatsi a kan soro. A 2023 hukumar UNESCO ta sa ƙasarsu ta wajen Boukoumbe cikin wuraren tarihi na duniya, ta haɗa ta da ta 'yan'uwansu na Togo. Gaba da Tanguieta kuma ga gandun dajin Pendjari mai giwaye da zakoki da ɓauna, wanda tun 2017 aka lissafta shi cikin irin waɗannan wurare tare da Arly da gandun dajin W na kusa da mu. Na ce a raina, ashe wannan ce ƙasar da Turawa suke biyan kuɗin jirgi su zo su gani?

Bayan na duba mara lafiya, muka yi addu'a, na gode wa Allah da na same ta da sauƙi, sai na biya wurin wani abokina mai bishara. Tare muka yi makarantar Littafi Mai Tsarki, ɗaki ɗaya, wani lokaci kwano ɗaya. Yana hidima a wani ƙauye a cikin duwatsun nan, kuma kamar yawancin masu bishara na ƙauye, gona ce take ciyar da shi, ba albashi ba. Na same shi ya rame. Bai ce mini kome ba sai da muka ci abinci, sa'an nan ya ce, "Fasto, tashi mu je ka ga gonata."

Ba gona na gani ba, filin toka na gani. Itatuwan kashu da ya dasa ya yi ta wahala da su shekara huɗu, a shekarar nan za su fara ba shi abin kirki, sun ƙone. Irin doyar da ya tara a inuwa ya rufe da ciyawa yana jiran damina ya gasu a inda yake. Amyarsa ta zuma guda uku da ya rataye a kan ɗorawa, sai wayar da ya ɗaure su da ita.

Na tambaye shi abin da ya faru. Yara uku ne suka tafi farautar gafiya. Suka cusa busasshiyar ciyawa a bakin rami suka kunna ashana domin hayaƙi ya koro ta. Iska ta ɗauki wutar. Da suka ga ta fi ƙarfinsu, suka zubar da sandunansu suka gudu gida, ba wanda ya gaya wa kowa. Gafiyar ma ba su kama ba.

Duba fa abin da Yakubu ya faɗa a sura ta uku. Ya ce mu lura da ƙanƙantar wutar da take cinye babban kurmi, sa'an nan ya ce harshe haka yake. Na yi wa'azi a kan wannan aya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma ran nan da na tsaya takalmina cikin toka, na gane ban taɓa fahimtarta ba. Tsinken ashana ɗaya. Yaran nan ba mugaye ba ne, ba su ƙi abokina ba, ɗayansu ma yana cikin ƙungiyar mawaƙan majami'arsa. Wuta ba ta tambayar niyyar wanda ya kunna ta. Irin wannan ya faru a kan Dutsen Karmel na Isra'ila, wurin da annabi Iliya ya yi karo da annabawan Ba'al. A watan Disamba na 2010 gobara ta tashi a can ta kashe mutum 44, yawancinsu ma'aikatan gidan yari ne da wutar ta ritsa da su a cikin motar bas suna hanyar zuwa kwashe fursunoni. Da aka bincika, wani yaro ɗan shekara 14 ya amsa cewa garwashin shisha ya jefar a daji, da ya ga wuta ta kama sai tsoro ya kama shi, ya gudu bai faɗa wa kowa ba. Daga Karmel har Atakora halin ɗan Adam ɗaya ne: a kunna, a gudu, a yi shiru.

Muna komawa gida abokina ya ce mini, "Fasto, ba wutar ce ta fi yi mini zafi ba. Uban ɗaya daga cikin yaran dattijon ikilisiya ne. Ran Lahadi ya zo sujada, ya zauna a kujerarsa ta gaba, da aka tashi ya ba ni hannu ya ce in yi haƙuri, nufin Allah ne. Shi ke nan. In na yi magana za a ce mai bishara ba ya gafara. In na yi shiru, da me zan shuka?"

A nan ina so in tsaya, domin wannan cuta tana cikin ikilisiyoyinmu da yawa. Mun mai da kalmar gafara ta zama mafakar wanda ya yi ɓarna, ta zama kuma sandar dukan wanda aka cuta. Amma me Allah ya ce wa Musa? A Fitowa 22:6 an kawo wannan shari'a daidai, kamar an rubuta ta domin Atakora: in wuta ta tashi ta bi ƙayayuwa ta cinye hatsin wani, ko wanda aka tara ko wanda yake tsaye a gona, wanda ya kunna wutar shi zai biya. Ba a ce sai in ya yi da gangan ba. Ba a ce sai in shi mai kuɗi ne ba. Allah mai jinƙai ne, amma ya san mai gona yana da 'ya'ya, 'ya'yan nan kuwa ba za su ci "yi haƙuri" ba.

Wani zai ce, ai Fasto wannan Tsohon Alkawari ne, mu muna ƙarƙashin alheri. To, je ka Luka sura 19. Sa'ad da Yesu ya shiga gidan Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, mutumin bai tsaya a kan cewa ya tuba a zuciya ba. Ya miƙe a gaban mutane ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta har riɓi huɗu. Bayan wannan ne Ubangiji ya shaida cewa ceto ya shigo gidan. Ba biyan ne ya saya masa ceto ba, gama ceto kyauta ne. Amma zuciyar da alheri ya taɓa ba ta iya zama a kujerar gaba alhali maƙwabci yana kwana da yunwa saboda ɗanta. Gafara aikin wanda aka cuta ne, tsakaninsa da Allahnsa. Biya aikin wanda ya yi ɓarna ne. Kada ɗaya ya ɓuya a bayan aikin ɗaya.

Da dare muna zaune a tsakar gida, abokina ya koya mini wani abu da ban sani ba. Ya ce wuta iri biyu ce. Akwai wutar farko, wadda ake sa wa daji da gangan a ƙarshen damina, wajen watan Nuwamba zuwa farkon Disamba, sa'ad da ciyawa take da sauran ɗanyantaka, ƙasa kuma da sauran laima. Wannan wuta ba ta da ƙarfi. Takan ci nan ta bar can, in raɓa ta sauka da dare ta mutu da kanta, ba ta kai ga rassan itace. Ma'aikatan gandun daji ma haka suke yi kowace shekara, domin a rage ciyawar da za ta zama abincin babbar gobara. Sa'an nan akwai wutar baya, ta watan Fabrairu da Maris, bayan hunturu ya busar da kome ƙayau, gamba ta fi mutum tsawo. Wannan ita ce mai kisa. Takan hau har kan itace, ta kashe ƙananan itatuwa, ta ƙone furen kaɗanya, ta bar ƙasa tsirara ruwan farko ya zo ya kwashe ta zuwa kwari. Ciyawa ɗaya ce, ashana ɗaya ce. Bambancin kawai lokaci ne. Ya kuma yarda cewa shi ma yana da nasa laifin: ya yi niyyar share fili kewaye da gonar tun bayan girbi domin wuta ta rasa abin bi, amma taro ya yi yawa, ya ce sai mako mai zuwa.

Ya mai karatu, wace ciyawa ce ka bari tana tsawo a gidanka? Ƙaramar magana tsakaninka da matarka wadda da an zauna a ranar, da minti goma ya isa, amma ka ce ai namiji ba ya ba da haƙuri. Bashin da ka ci na ɗan'uwa, yanzu in ka hango shi a kasuwa sai ka sake hanya. Ɗanka da ya fara dawowa gida da tsakar dare, ka gani ka kau da kai domin ba ka son tashin hankali. Tsawatawa a kan lokaci tana da zafi, gaskiya ne, wuta ce ita ma. Amma wutar Nuwamba ce. Abin da ya sa Manzo Bulus ya gargaɗi Afisawa kada rana ta faɗi ta same su da fushi ke nan, abin da ya sa kuma Ubangiji ya ce a Matiyu 18 in ɗan'uwa ya yi maka laifi ka je ka same shi ku biyu kaɗai. Mu kuwa mukan bari sai Maris. Mukan tara, mu tara, sa'an nan wata rana a kan abin da bai kai ya kawo ba, aure na shekara ashirin ya kama da wuta, ko ikilisiya ta rabu biyu, mutane su ce abin ya zo ba zato. Ba haka ba ne. Ciyawar ta daɗe tana bushewa a gaban kowa.

Na koma Atakora a watan Yuni na shekarar, wannan karo domin abokina kawai. 'Yan'uwa, da ba don na san hanyar ba, da na ce direba ya ɓata. Duwatsun nan da na bari baƙi sun zama kore shar. Ciyawa ta rufe toka. Kaɗanya, wadda Allah ya yi wa ɓawo mai kauri kamar fatar kada, ta fitar da sabon ganye, ko da yake baƙin wuta yana nan a gindinta. Kalgo da taramniya da na ga sun ƙone har ƙasa sun tsiro daga saiwa, rassa biyar, shida, a inda dā ɗaya ne. Shanu suna kiwo. Na tsaya a bakin hanya na cire hulata.

Nan na tuna da Ayuba sura 14. Ayuba ya lura cewa itace yana da sa zuciya: ko an sare shi, ko kututturensa ya tsufa a ƙasa, da ya ji ƙanshin ruwa sai ya sāke toho. Amma mu karanta da gaskiya, kada mu tsinke aya daga 'yan'uwanta. Ayuba ba murna yake yi a wurin nan ba, kuka yake yi. Cewa yake itace ya fi shi sa'a, gama itace yakan dawo, mutum kuwa in ya kwanta shi ke nan. Har ya kai ga tambaya a aya ta 14, ko mutum in ya mutu zai sāke rayuwa. Ayuba ya yi tambayar yana zaune cikin toka, 'ya'yansa goma suna cikin kabari. Ba a ba shi cikakkiyar amsa a ranar ba. Amsar ta zo ne da sassafe ran farko ta mako, a wani lambu a Urushalima, sa'ad da mata suka tarar an kawar da dutse. Annabi Ishaya ya riga ya hango wannan sa'ad da ya yi maganar toho da zai fito daga kututturen Yesse. Gidan Dawuda ya zama kututture, an sare, an ƙone, an kwashe mutane zuwa Babila. Amma saiwar tana da rai. Abin da yake ƙarƙashin ƙasa, inda wuta ba ta kai ba, shi ne yake dawo da itace. In rayuwarka tana ɓoye cikin Almasihu, wuta za ta iya cin ganyenka da rassanka, kasuwancinka, lafiyarka, sunanka a gari, amma ba ta da hanyar zuwa wurin saiwa.

Sai dai zan gaya muku abin da ya hana ni yin tsalle da wannan koren daji. Na ce wa matar abokina, "Mama, Allah ya mayar muku da kome, dubi yadda ƙasa ta yi kyau." Ta dube ni ta ce, "Baba Fasto, ciyawa ce ta dawo." Ta nuna mini kaɗanyun da ke bayan gida: ganye cike, 'ya'ya babu, domin wutar ta same su suna fure. A watan nan ne mata suke fita da asuba tsintar 'ya'yan kaɗanya, su yi man kaɗe su sayar su biya kuɗin makarantar yara. Ita a shekarar ba ta da abin tsinta kusa da gida. Daga cikin kashun kuwa fiye da rabi ba su tashi ba. Wanda ya wuce a mota zai ce an warke. Wanda ya shiga gida ya duba rumbu shi ne zai san gaskiya.

Haka mutane suke. Gwauruwar da ta daina kuka a gaban jama'a, ta koma ƙungiyar mawaƙa, in ka gaishe ta ta ce lafiya lau, ciyawa ce ta dawo. Kada mu yi saurin ce wa wanda ya ƙone, ai ya wuce. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki ne suka ɓata.

Akwai kuma wata gobara a yankin nan wadda ruwan sama bai kashe ba. Ran 1 ga Mayu 2019 'yan bindiga suka sace Faransawa biyu 'yan yawon buɗe ido a Pendjari, suka kashe ɗan ƙasarmu mai yi musu jagora, Fiacre Gbédji. Daga baya hare-hare suka yawaita a arewacin ƙasar. Mu na jihar Alibori mun san wannan da jikinmu: a watan Afrilu na 2025 gwamnati ta sanar da rasuwar sojoji 54 a yankin gandun dajin W. Baƙi suka ja baya. Da abokina ya kai ni in ga ruwan Kota, mu kaɗai ne a wurin. Saurayin da ya yi mana jagora ya bi mu har bakin ruwa yana ba mu labarin kowane itace, ya ƙi barin in riƙe jakata da kaina. Da za mu tafi na ba shi abin da ya sauƙaƙa, na sayi man kaɗe da zuma a wurin wata mata a bakin hanya. Ya ce mini, "Baba, ba kuɗin ba, zuwan." Na ji labari cewa bayan babbar gobarar Ostareliya ta 2019 zuwa 2020, wadda ta ci yawancin dajin duwatsun da ake kira Blue Mountains, mutanen birni sun riƙa zuwa garuruwan da wuta ta shafa da akwatunan sanyi ba kome a ciki, su cika su da kayan mutanen wurin su biya. Sun gane abin da Hausawa suka daɗe da sani, cewa zumunta a ƙafa take.

Kada wani ya ce Fasto ya ce a kwashi iyali a shiga gandun daji. Ban ce ba. A bi gargaɗin hukuma, a tambayi mutanen wuri kafin a kama hanya. Ba ma sai ka je Atakora ba. Tun da aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, 'yan dako nawa, direbobi nawa, mata masu abinci nawa a garin nan suka ga sana'arsu ta zama toka? Iyalai nawa suka baro ƙauyuka saboda tsoro suka raɓe a gidajen dangi? Kun san su da sunayensu. Wasunsu sun daina zuwa sujada, ba don sun bar bangaskiya ba, sai don kunyar kwanon baiko ya wuce ta gabansu. Ka je. Ka zauna. In tana sayar da ƙosai, ka saya a wurinta, kada ka nemi ragi.

Game da gonar abokina, dattawan ikilisiya sun zauna a kan maganar bayan tafiyata ta farko. An karanta Fitowa 22:6 a gaban kowa. Aka yanke cewa gidajen yaran uku za su kawo irin doya, yaran kuma da hannunsu za su yi tudun doya, su dasa sababbin kashu, su share fili kewaye da gonar in damina ta wuce. Gida biyu suka yi. Dattijon nan ya yi fushi mako uku bai zo sujada ba, sa'an nan wata safiya aka gan shi a gonar da fartanya tare da ɗansa. Gida na uku suka ƙi, har na baro ba su kawo kome ba. Abokina ya ce ya bar su da Allah, kuma yaron yana nan yana zuwa ajin Lahadi, ba wanda ya kore shi.

Yanzu sauran abin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. A daren da abokina yake ba ni labarin dattijon da ya ba shi hannu ya wuce, ina gyaɗa kai ina cewa bai kyauta ba, sai Ruhu Mai Tsarki ya tuna mini da wani saurayi a ikilisiyata. Shi yake riƙe mana littafin kuɗi. Wata rana lissafi bai cika ba, ni kuwa a gaban kwamiti, cikin fushi, na ce akwai waɗanda hannunsu yake da ƙaiƙayi. Ban kira suna ba. Ba sai na kira ba, kowa ya san wanda yake riƙe da littafi. Kafin mako ya zagayo maganar ta kai kasuwa. Iyayen yarinyar da yake nema suka ce a dakata. Bayan wata biyu aka gano kuɗin: ni da kaina na bayar a sayo kwanon rufi, na manta ban sa an rubuta ba. Me na yi? Na ce wa kwamiti an ga kuɗi, mu gode wa Allah. Na ce a raina Allah ya san ban yi da niyya ba. Saurayin ya ajiye littafi, a hankali ya daina zuwa. Magana zarar bunu ce. Na kunna, na gudu, na yi shiru, ni mai wa'azi a kan Yakubu sura uku.

Da na dawo Malanville na je shagon da yake aiki. Na ce, "Ɗana, na zo ne in roƙe ka gafara. Ni na ɓata maka suna, kai kuwa ba ka ɗauki ko dala ba." Bai ɗaga kai ba. Can ya ce, "Baba, a gaban mutane aka faɗa." Ya yi gaskiya. Gonar da wuta ta ci ita za a biya, ba wata ba. Ran Lahadi, kafin wa'azi, na tsaya a gaban ikilisiya na faɗi abin da ya faru, na kira laifina da sunansa. Na je gidan iyayen yarinyar ma na faɗa musu, ko da yake na makara, gama an riga an ba da ita ga wani. Wannan ba zan iya mayar masa ba har abada.

Har ranar da nake rubuta wannan bai dawo majami'armu ba. Na ji yana sujada a wata ikilisiya a cikin gari, na kuwa gode wa Allah domin wannan. Mahaifiyarsa ta dawo. In mun haɗu a hanya yanzu yakan tsayar da babur ya gaishe ni, ya tambayi Mama da yara. Ina roƙonku ku sa shi cikin addu'a, ku sa ni ma.

Mu yi addu'a.

Ya Uba na sama, muna kawo maka manoman Atakora da na Alibori, da matan da suke tsintar kaɗanya, da samarin da suke jiran baƙi a bakin ruwan Kota da Tanougou. Ka tsare sojojinmu da ma'aikatan gandun daji, ka ta'azantar da gidajen da aka yi wa rashi. Ka ba bawanka mai bishara amfanin gona, ka taɓa zuciyar gida na ukun nan. Ka warkar da saurayin da na cuta da bakina, ka ba shi matar kirki. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.